Wa ya tambayi matan da ke kan tabarma?

Ƴan uwa, maganar yau ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da yake ni ma ina cikin masu laifi, da kaina zan fara.

Shekara shida ke nan da na yi sitaj ɗina na ƙarshe. An tura ni wata cibiya da ke karɓar mata masu yoyon fitsari. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi garin ba, don abin da zan kawo ba laifin gida ɗaya ba ne. Matan kan yi makonni a can, wasu har watanni, suna jiran a yi musu aiki ko suna jiran ɗinki ya warke. A sati na biyu sai mai kula da ni ta ce: daga yau ke za ki riƙa jan zaman fira na ranar Talata. Zaman fira shi ne abin da ma'aikata ke kira gurup de parol: a shimfiɗa tabarma, a zauna a zagaye, kowace ta fito da abin da ke cin ranta, a sauke wa juna nauyi. Shekaruna 22 a lokacin. Ban yi aure ba, ban san naƙuda ba sai a littafi. A gabana mata 11, wata ta haife ni, wata kuma ƙanwata ce a shekaru amma ta riga ta binne ɗa, mijinta ya mayar da ita gidan ubanta.

Na yi zama shida. Na shirya kowane da kyau, ina da kaye cike da tambayoyi. Ranar ƙarshe, gaban mai kula da ni, na ce: to, zaman nan da muka yi ya amfane ku? Suka amsa baki ɗaya: ya amfane mu, mun gode, Allah ya saka da alheri. Na rubuta a rapor ɗina cewa duk mahalarta sun nuna gamsuwa. Aka ba ni 16 bisa 20.

Ran da zan tafi, ina jiran kabu-kabu a bakin ƙofa, wata tsohuwa da ke jinyar ɗiyarta ta yafito ni. Ta ce: «Ɗiyata, zo. Ke yarinyar kirki ce, kina gaida mutane. Amma ran da kika ce kowa ta faɗi yadda ɗanta ya mutu, kwana uku tawa ba ta ci abinci ba. Kuma abin da ta faɗa kan mijinta, ya riga mu isa ƙauye.»

Na ce: «Inna, mi ya sa ba ku gaya mini ba?»

Ta ce: «Wa ya tambaye mu? Kuma ba ke ce mai rubuta suna ba?»

Ashe duk tsawon makonnin nan matan sun ɗauka kayen da ke hannuna shi ne jerin waɗanda za a yi wa aiki. A ganinsu, wadda ta ƙi magana ko ta ɓata wa mai kaye rai, sunanta zai koma baya. Ba wanda ya gaya musu haka. Ba kuma wanda ya gaya musu akasin haka, har da ni.

Ku duba yadda ake auna ɗalibin aikin jin daɗin jama'a in ya ja irin wannan zama. Mai kula da shi a wurin sitaj yana cika fish: yana zuwa kan lokaci, yana da ladabi, yana shirya aikinsa. Malamin lakwal yana karanta rapor. Ranar sutnans alƙalai suna tambaya kan tsarin rubutu. In akwai furoje a bayan abin, su kuma lissafi suke so: zama nawa, mace nawa, ga hoto. Kowa ya faɗi ra'ayinsa kan ɗalibin, ban da mutanen da aka koyi aikin a kan ciwonsu. Mai koyon ɗinki ma, in ya ɓata riga, mai rigar yana dawowa ya yi faɗa. Mu namu ba su dawowa, sai dai su daina zuwa, mu rubuta «ba ta halarta ba».

Kada a fahimce ni baibai. Ban ce a hana ɗalibai jan zaman fira ba. Ba mu da wannan gatan. Tun daga 2015 da hare-hare suka shiga Bosso da Diffa, zuwa 2019 da dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka sauka wajen Gidan Rumji, ga abin da ke faruwa a Tilaberi da arewacin Tawa, yawan mutanen da ke kwana da firgita a ƙasar nan ya fi ƙarfin ƙwararrun da muke da su. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, mafi yawansu kuma a Yamai suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da wannan giɓi a ƙasashe irin namu, shi ya sa ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, ta fitar da littafin jan zaman rukuni ga masu ciwon damuwa a 2016, sannan na PM+ na rukuni a 2020, duka a kan tunani ɗaya: wanda ba likita ba zai iya wannan aiki in an horar da shi kuma ana bibiyarsa. Ke nan ɗalibai da ƴan sa-kai za su ci gaba da zama kan tabarmar nan, yawansu ma ƙaruwa zai yi. Abin da muke mantawa shi ne rabin sharaɗin. Littafin PM+ na mutum ɗaya ya tanadi a tambayi mai damuwar halin da yake ciki a farkon kowane zama, a rubuta, a ga ko gaba ake yi ko baya. Mun ɗauki «kowa zai iya», mun bar «a riƙa tambaya».

Wani zai ce ai ma'aikacin da ya san aikinsa yana gane wa da ido, labarin zuciya a tambayi fuska. Ni ma haka na ɗauka. Amma an gwada wannan. A 2005 masu bincike a Amurka, cikinsu har da Michael Lambert, sun wallafa abin da suka gani a wata cibiyar ba da shawara ta jami'a. Sun ce wa masu ba da shawara 48, ƙwararru da masu koyo, su faɗi wa suke gani zai ƙara taɓarɓarewa cikin mutum 550 da suke dubawa. Suka nuna mutum 3. A ƙarshe mutum 40 ne suka taɓarɓare, kuma cikin ukun da aka nuna, ɗaya kacal ne aka dace. Tun kafin nan, a 1973, Lieberman da Yalom da Miles sun bi rukunonin ɗalibai a jami'ar Stanford, suka tarar cewa zaman rukuni yana iya raunata wasu, kuma shugabannin rukunin ba su cika gane waɗanda aka raunata ba. Abokan zaman ne suka fi ganewa. Wannan fa mutane ne masu digiri da shekaru a aiki, suna magana da waɗanda suke yare ɗaya, aji ɗaya. Ina ga ni, ƴar birni mai shekara 22, gaban matar da ta saba rufe fuska da mayafi in baƙo na magana?

To a tambaya. Sai dai tambayar ma iri-iri ce, kuma irin wadda na yi, gara ma ban yi ba, don ta ba ni shaidar ƙarya da na sa a takarda.

«Mun gode» a bakin Bahaushiya ba amsa ba ce, gaisuwa ce. An tarbiyyantar da mu a kan kara da kunya, an ce ba a mayar da hannun kyauta baya. Matar da aka ba gado da abinci da sabulu da zane, wataƙila har da kuɗin mota, kyauta, ta yaya za ta dubi idon yarinyar gidan ta ce zamanki bai yi mini ba? A wurinta duk abu ɗaya ne: likita, mai gadi, mai kaye, duka «su» ne. Haka ɗan gudun hijirar da ke jiran katin abinci. Haka yaron da ke tsare wanda ya san rapor ɗin sosiyal yana iya kaiwa gaban alƙali. In wanda ya ja zaman shi ne mai tambaya, shugabansa na tsaye, sauran mata na ji, kuma ranar ban kwana ce, to wallahi ko ruwan zafi ka zuba musu, godiya za ka ji.

Sai kuma takardar nan da wasu ke rabawa, mai tambaya goma sha da akwatuna, da Faransanci. A ƙasar da manyan da suka iya karatun boko ba su kai 40 cikin 100 ba, mata kuma sun fi haka baya nesa. Abin da ke faruwa kowa ya sani: ɗalibin ne ke karantawa, ya fassara, ya riƙe bik, ya sa alama. Wani lokaci ma a ɗaki yake cika su da dare. Tun 2025 kundin sabunta ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, amma ko an juya fish ɗin zuwa Hausa, takarda dai takarda ce, ga kuma Bazabarma da Bafulatana da Buzuwa da Babarbariya a tabarma ɗaya.

Akwai wani ɗan awo da Barry Duncan da Scott Miller suka yi don zaman rukuni. Layi huɗu ne kawai, kowane santimita 10, mutum ya sa alama inda ya ga dama a ƙarshen kowane zama: an saurare ni an girmama ni, mun yi magana kan abin da nake so, yadda aka tafiyar da zaman ya dace da ni, zaman gaba ɗaya ya yi. Minti biyu. Abin da ya burge ni ba takardar ba ce, tunanin ne: gajere, kowane zama, kuma ana neman ƙorafi da gangan, ba yabo ba. Wannan tunani ba ya buƙatar bik. A bayan zana ko labule a ajiye ƙwarya uku a rufe, kowace da ƴar ƙofa. A ba kowace mace ƙwayar wake ko ƙwallon dabino. Ɗaya bayan ɗaya ta shiga ita kaɗai, kamar ranar zaɓe, matan ƙauye sun san wannan sarai. Tambayar yau: kin fita daga zaman nan zuciyarki ta fi sauƙi, ko tana yadda take, ko ta fi nauyi? Ta jefa. Ba suna, ba sa hannu, ba mai gani. Masu aikin tsafta a ƙauyuka sun daɗe suna irin wannan ƙuri'a in suna son jin abin da mutane ke jin kunyar faɗa. Da na yi haka ranar da na sa su ba da labarin mutuwar ƴaƴansu, da na ga wake ya taru a ƙwarya ta uku, kuma da saura zama huɗu da zan gyara. Wannan shi ne muhimmin abu: lokacin. Ra'ayin da aka karɓa ranar ƙarshe, rapor kawai yake amfana. Wadda ta bayar ba ta ci komai a ciki ba.

Wake dai ba ya magana, yana nuna akwai matsala ne kawai. Don jin mece ce matsalar, sai an zauna da mutum, kuma ba ɗalibin ne zai zauna ba, ba kuma wanda ke raba kaya ko rubuta jerin aiki ba. A irin cibiyoyin nan sau da yawa akwai matan da suka warke suka zauna suna taimakawa. Su ne suka dace, don sun san ciwon kuma ba a jin tsoronsu. Tambayar ma a bi ta yadda muke magana. Ba a ce «mi ba ki so ba», za ta ce babu. A ce: in ƙanwarki za ta zo nan wata mai zuwa, mi za ki ce a canza mata? Ko: mi kika ji sauran mata na cewa in an tashi? Nan take za ki ji ta fara, «ni dai ba ni da matsala, amma wasu suna cewa…» Wannan «wasu» ita ce. A bar mata mafakar, a ɗauki maganar.

Kuma a nemi waɗanda suka daina zuwa. Cikin mata 11 da na fara da su, 8 ne suka kai ƙarshe. Su takwas ɗin ne «duk mahalarta» na cikin rapor ɗina. Ukun suna ɗaki na gaba, taku ashirin, ban taɓa leƙawa na ce lafiya ba. Na ɗauka jiki ne ya hana su.

Da na kawo maganar nan a fada, wani abokina da ke sitaj yanzu ya harzuƙa. Ya ce: ba a biyanmu ko dala, kuɗin kabu-kabu daga aljihun iyayenmu, mai kula da mu sau ɗaya muke ganinsa a sati in an yi sa'a, an jefa mu cikin ruwa ba a koya mana iyo ba, yanzu kuma ki ce a ba majinyata wuƙa su yanke mana not? Gaskiyarsa a rabi. In aka mayar da waken nan maki, an kashe abin tun ranar farko. Ɗalibi zai fara roƙo, inna ki taimake ni karatuna ne, kuma wace uwa ce za ta kayar da ɗan wani? Ko ya riƙa kauce wa duk magana mai nauyi, zaman ya koma raha da tafi. Abin da ya kamata a auna shi ne mi ɗalibin ya yi da abin da ya ji. Ya kawo wa mai kula da shi? Ya canza wani abu? Ya koma ya gaya wa matan? Wanda ya zo ya ce zama na biyu ya lalace, ga dalili, ga gyaran da na yi, a wurina ya fi wanda ya kawo godiya ɗari bisa ɗari. Kuma ƙorafin sau da yawa ba ɗalibin zai kama ba. Zai nuna cewa an sa namiji jan zaman mata, ko an haɗa kishiyoyi ko ƴan ƙauye ɗaya a rukuni ɗaya, ko ana zaman a baranda inda kowa ke wucewa, ko mai kula bai taɓa zama ya ga ko zama ɗaya ba. Ina zargin shi ya sa ba a ɗokin tambayar. Wanzami ba ya son jarfa.

Wata malama da nake girmamawa ta kawo hujja mafi ƙarfi. Ta ce jin daɗi daban, warkewa daban. Akwai zaman da mace za ta yi kuka ta fita da nauyi, bayan sati ta ji ta sauke abin da ta daɗe tana ɗauke da shi. In muka bi abin da mutane ke so kawai, ba za a taɓa taɓo ciwon ba. Na yarda. Amma wa zai bambanta kukan da ke wanke zuciya da wanda ke hana cin abinci kwana uku? Sai wanda ya san an yi kukan, ya kuma sake tambaya sati mai zuwa. Jin ra'ayin matan ba ya ƙwace hukunci daga hannun ƙwararre. Yana ba shi abin da zai yi hukuncin a kai ne. Yanzu a duhu yake yi.

Akwai kuma abin da ya riga duk wannan, wanda ba ya cin ko sisi. A gaya wa mutane gaskiya ranar farko. Ni ɗaliba ce, koyo nake. Sati shida zan yi in tafi, ga wadda za ta ci gaba. Abin da nake rubutawa ga shi, ga wanda zai karanta. Zuwa zaman nan ko rashin zuwa ba ya taɓa aikinki, ba ya taɓa abincinki. Kina da damar ki zauna ki yi shiru. Abin da aka faɗa a nan muna roƙon ya tsaya a nan, amma ba zan iya ɗaure bakin kowa ba, don haka ki auna abin da za ki faɗa. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ban faɗa ba. Na ce musu nan sirri ne, na yi alkawarin da ba a hannuna yake ba, wata ta yarda da ni, maganarta ta tafi ƙauye a bakin wata.

Ƙungiyoyin agaji da yawa da ke aiki a ƙasar nan sun amince da ƙa'idar CHS da aka fitar a 2014, wadda ta ce waɗanda ake taimaka wa suna da haƙƙin kai ƙorafi ba tare da tsoro ba, kuma a amsa musu. Shi ya sa kuke ganin akwatunan nan masu kwaɗo a bango. Akwatin da sai mai rubutu ke iya amfani da shi, a wurin da kusan ba mai rubutu. Kuma ko an ji, sai an mayar da amsa. A zama na gaba a ce: mun ji wasu sun ce zaman yana tsawo, rana na dukan mutane, mun dawo da shi bayan la'asar. Mun ji an ce kada a riƙa nuna mutum a ce ke faɗi, daga yau wadda ta so ita za ta yi magana. Ranar da mace ta ga ƙwayar wakenta ta matsar da tabarma zuwa inuwa, ranar za ta fara faɗin abin da ya fi tabarma girma.

Ku da ke karatun aikin sosiyal a makarantun kiwon lafiya, ko sikoloji da sosiyoloji a Yamai da Damagaram, da yawanku za ku fita sitaj bana. Ba sai kun jira ma'aikata ta fito da sabuwar fish ba. Ranar da aka ce ku ja zama, ku tambayi mai kula da ku abu biyu: wa zai ji ta bakin mutanen in ba ni a wurin, kuma yaushe za mu zauna mu duba abin da suka ce? In ya ce ba lokaci, ku sayi ƙwarya uku da kuɗinku, ku roƙi wata da matan suka yarda da ita ta riƙe labulen. Malamai kuma, ku ƙara shafi ɗaya a rapor ɗin sitaj: mi mahalarta suka ce bai yi ba, ta wace hanya aka ji, mi aka canza. Wanda ya bar shafin fari, a mayar masa.

Rapor ɗina yana nan a akwati, na ciro shi jiya kafin in fara rubutun nan. A shafin matsalolin da aka fuskanta na rubuta abu biyu: zafin rana da ƙarancin kujeru.